Shin Ko Kun San? Mindar Kaka da Sunan da Ke Gefenta

Shin ko kun san akwai lambar yabon soja ta azurfa wadda aka fara ƙirga kwanakinta daga ranar da wata rundunar Turawan Ingila ta fito daga Zariya ta miƙi hanyar Kano? Ranar 29 ga Janairu 1903 ke nan. Kanar Morland ne ke jan ragama, tare da sojoji baƙar fata sama da 700, da Turawan da ba su cika hamsin ba, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Mu mutanen Dandamisa da Makarfi da Kudan da Ikara mun san ba a tashi daga Zariya a isa Bebeji sai an ratsa arewacin ƙasar Zazzau, don haka ƙurar wannan tafiya a sararin samaniyarmu ta tashi. Ran 1 ga Fabrairu suka fasa Bebeji. Ran 3 ga wata suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarkin Kano Alu kuwa ya riga ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa.

Lambar da aka raba wa waɗanda suka yi wannan tafiya ita ce Africa General Service, wadda aka ƙirƙiro a 1902. A fuskarta akwai kan Sarkin Ingila Edward na Bakwai, a bayanta wata mace tsaye kusa da zaki. Ƙyallen da ake rataya ta da shi rawaya ne, bakinsa baƙi, da siraran layuka biyu kore a tsakiya. A kan ƙyallen ake gitta ɗan allon azurfa mai ɗauke da sunan fagen da mutum ya halarta, kuma alluna iri 45 aka buga wa wannan minda kafin a daina ba da ita. Namu an rubuta masa "N. Nigeria 1903".

To, ko kun san ranar da aka rufe lissafin wannan allo? Ranar 27 ga Yuli 1903, ranar yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Tsakanin ranakun nan biyu ne Sakkwato ta faɗi, ran 15 ga Maris. Wato ɗan allon nan guda ya ƙunshi rushewar daular da Shehu Usmanu ya kafa. Wannan minda tana yi mini nauyi a zuciya, domin sau da yawa mai harbin da wanda aka harba harshe ɗaya suke yi, alƙibla ɗaya suke fuskanta. Ba zan ce wa kowa ya yi tinƙaho da ita ba. Amma ba zan yarda a jefa ta bola ba, domin shaida ce, kuma shaidun da suka rage daga wancan zamani ba su da yawa.

Shin ko kun san a gefen irin wannan minda, a kaurinta, an buga lambar sojan da muƙaminsa da sunansa da ƙungiyarsa? Ku juya ta ku duba da kyau, za ku gani. Ga ɗan talakan da ya bar gona ya sa kaki shekara ɗari da ashirin da suka wuce, mai yiwuwa nan kaɗai ne a duniya aka taɓa rubuta sunansa. Ba shi cikin jerin sarakuna, ba shi cikin silsilar malamai, maroƙa ba su wasa shi ba, sai dai wannan layi na ƙananan baƙaƙe a jikin azurfa. Magatakardan bariki kuma ba su cika tambayar sunan uba ba. Sai su rubuta sunan yanka, su bi shi da sunan babban garin da mutum ya ambata: Kano, Katsina, Bauci, Zariya. Saboda haka wanda aka rubuta wa Zariya ba lallai ne ɗan cikin ganuwa ba ne. Yana iya zama ɗan Gubuci ko Hunƙuyi ko Gimi, wanda ya faɗi sunan masarautarsa don shi Bature ya sani.

Ko kun san a cikin wannan yaƙi na 1903 an ba da Victoria Cross, lambar da ta fi kowace daraja a sojan Birtaniya? A Kwatarkwashi abin ya faru, ƙarshen watan Fabrairu. Laftanan Wallace Wright da wani hafsa guda da sojoji 44 suka yi kiciɓis da rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato, suka ja daga, mahaya suka yi ta kawo sukuwa ana zuba musu wuta. A nan Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Wright ya karɓi lambarsa, daga baya ma ya zama ɗan majalisar dokokin Ingila. Sojojin nan 44 da suka tsaya da shi kuwa ba a waiwayar sunayensu idan ana ba da labarin. Kuma duk tsawon rayuwar rundunar Birtaniya ta Afirka ta Yamma, babu baƙin soja ko ɗaya cikinta da aka rataya wa Victoria Cross. An yi musu tasu lambar jarumta daban, mai ɗauke da sunan rundunarsu a bayanta, har zuwa tsakiyar yaƙin duniya na biyu.

Akwai kuma allon "N. Nigeria 1906". Abu biyu ya haɗa. Na farko Satiru, ƙauyen da ke kusa da Sakkwato, inda talakawa masu gatari da fartanya suka kashe Turawa uku da sojoji 25 ran 14 ga Fabrairu, aka dawo ran 10 ga Maris aka shafe garin daga doron ƙasa, aka kashe mutane kimanin 2,000. Na biyu Haɗeja, a watan Afrilu, inda Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ya mutu yana yaƙi a cikin birninsa.

Shin ko kun san sojan Najeriya na ƙirga shekarunsa ne daga 1863, kuma da Hausawa 18 aka fara? Wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Glover ne ya tara su a Ikko, akasarinsu mutanen da suka tsere daga bauta. Daga wannan ɗan ƙwarya-ƙwaryan rukuni aka samu dakarun da aka kai yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, aka ba su minda mai allon Kumasi. A 1900, lokacin da Yaa Asantewaa ta ja mutanenta suka yi wa Turawa ƙawanya a Kumasi, daga Najeriya Kanar Willcocks ya kwashi sojoji ya je ceto, aka sake buga wata mindar. Da yawa cikin waɗannan sojoji ba su komo gida ba. Sun yi aure sun zauna, suna cikin waɗanda suka raya zangon Kumasi da na Ankara. Har Sarkin Beljiyam Leopold ya ɗebi Hausawa daga gaɓar teku ya kai Kwango aikin soja, Jamusawa ma sun ɗauke su a Togo da Kamaru.

Sai dai a lura, ba duk wanda Bature ya kira Bahaushe a bariki ne Bahaushe ba. Akwai Barebari da Zabarmawa da Dakarkari da Nufawa da Tibi da Bacama da Angasawa. Hausa ce harshen fareti da na umarni, har hafsoshin Turawa sai sun ci jarrabawarta, shi ya sa sunan ya lulluɓe kowa.

Ko kun san Kamfanin Neja, wanda ya ci Bida da Ilori a 1897, shi ma ya buga tasa minda? Iri biyu ya yi. Ta Turawa azurfa ce, da sunan mai ita a gefe. Ta baƙar fata tagulla ce, kuma lamba kawai aka buga mata, babu suna.

Shin ko kun san harsashin farko da wani sojan Birtaniya ya harba a yaƙin duniya na ɗaya ba a Turai aka harba shi ba? A Togo ne, cikin watan Agusta 1914, kuma wanda ya ɗana kunamar shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau. Ya kai muƙamin samanja, ya samu lambobin jarumta biyu kafin ya ajiye kaki.

Namu na Najeriya Kamaru aka fara tura su. Sun sha wuya a Garwa kafin ta faɗi a watan Yuni 1915. A dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben na Jamus da sojojinsa baƙar fata sun toge har 18 ga Fabrairu 1916, su ne na ƙarshe da suka ajiye makami a ƙasar. Daga nan aka sa birged ɗin Najeriya a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, farautar Janar von Lettow-Vorbeck na Jamus. A Mahiwa, cikin Tanzaniya ta yau, a watan Oktoba 1917, an yi musu ɓarna mai yawa, ga yunwa ga zazzaɓi ga atuni. Kimanin 'yan Najeriya 17,000 ne suka riƙe bindiga a wannan yaƙi, wasu fiye da 30,000 suka yi dako.

Lambobi uku aka fi gani daga wannan zamani, kuma dukkansu da suna a jiki. Akwai tauraruwar tagulla ta 1914 zuwa 1915. Akwai mindar yaƙi ta azurfa mai hoton mahayin doki a baya, wadda aka buga fiye da miliyan 6. Sai mindar nasara, wadda ko daga nesa ake gane ta saboda ƙyallenta mai launin bakan gizo. 'Yan dako kuwa, waɗanda suka ɗauki harsashi da shinkafa da sassan igwa a ka, suka mutu a bakin hanya, akasarinsu ba wanda ya rubuta ko sunansu.

Shin ko kun san akwai ɗan Arewa da ya yi wa Jamus yaƙi ya samu yabo, ya yi wa Ingila yaƙi ya samu yabo? Chari Maigumeri ke nan, mutumin ƙasar Barno. Yana matashi ya shiga sojan Jamus a Kamaru a 1913, kuma an ruwaito cewa sun ba shi lambarsu ta Iron Cross saboda ƙwazonsa a Garwa. Da aka kama shi fursunan yaƙi, sai ya koma ɓangaren waɗanda suka kama shi, ya shiga rundunar Najeriya a 1917, ya je Afirka ta Gabas ya fuskanci tsofaffin iyayen gidansa. Ya zama babban samanjan bataliya. A yaƙin Hitila ya samu lambar jarumta ta Military Medal a Habasha, ya wuce ƙasar Bama, aka ƙara masa British Empire Medal a 1944. Ya yi ritaya a 1953 bayan shekara 36 cikin kakin Ingila, aka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake amsawa. Wani zai ce ina amanar mutumin da ya sauya tuta? Ni abin da nake gani shi ne, duka tutocin biyu ba na ƙasarsa ba ne. Abin da ya riƙe shi ne sana'arsa da mutanen da ke ƙarƙashinsa, kuma a wannan ba a taɓa kushe shi ba.

Ko kun san sojojin Najeriya ne suka fara shiga Mogadishu a yaƙin duniya na biyu? Birged ta 23 ce, ran 25 ga Fabrairu 1941. Daga can suka bi sawun sojojin Italiya da mota, kusan kilomita 1,200, suka isa Jijiga ran 17 ga Maris, suka fasa mashigin Marda suka shiga Harar. Farkon Afrilu Adis Ababa ta faɗi, ran 5 ga Mayu Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa. Wanda ya yi wannan tafiya ya cancanci tauraruwar Afirka, mai ƙyalle launin rairayi da jan layi a tsakiya. In kun ga irinta a akwatin kaka, to, ko Habasha ya je, ko Somaliya, ko Masar da Libiya.

Yanzu sai babban labari, wanda kusan kowace unguwa tana da nata kason. Shin ko kun san Gizo ya je yaƙin Bama? Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a Najeriya a 1943, tambarin da ke kafaɗar kowane sojanta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Daga tatsuniyoyin Asante aka ɗauko shi, inda suke kiransa Ananse, mai cin galaba da dabara ba da ƙarfi ba, kuma duk yaron da ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san wane ne wannan. Runduna ta 82 kuma tambarinta māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai na ɗaukar kaya, kuma ba don ado aka zaɓe shi ba.

Dalili shi ne, ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, duwatsu ne da ƙungurmin daji da koguna, mota ba ta shiga, alfadari ma wani wurin sai ya tsaya. Sai aka kafa ƙungiyoyin sojoji masu ɗauka a ka, su ne motar runduna. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, ta sare hanya da adda da gatari mai tsawon kimanin kilomita 120, kuma ita ce babbar runduna ta farko a wannan fage da ta dogara kacokan ga abincin da jirgin sama ke jefowa da laima. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa. Yaron da ya tashi a ƙasar rake da dawa, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin garinsu ba, shi ne aka sa a jirgin ƙasa zuwa Ikko, aka ɗora a jirgin ruwa makonni har Bombay, ya wayi gari cikin damina mai sauka ba ƙaƙƙautawa, matsattsaku na shan jininsa, abokin gaba na ɓoye a kan bishiya. Fiye da 'yan Najeriya 100,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi.

Ko kun san daga ina barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa? Chindit wata runduna ce ta musamman da Janar Wingate ya kafa, wadda ake saukewa da jirgin sama a bayan abokan gaba. A 1944 bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikinta. A wannan bariki ne Daffo yake, inda tun 1924 ake horar da kuratan soja, kuma a nan aka buɗe makarantar soja ta yara a 1954. Haka Dalet da Kalapanzin na Kaduna, da Letmauk na Badun, da Dodan da Arakan da Tamandu da An na Ikko: duk sunayen wurare ne a Bama inda kakanninmu suka yi gumurzu. Mukan ambace su kullum a tasha da cikin mota, ba tare da mun san muna karanta taswirar yaƙi ba.

Tauraruwar Bama mai tsini shida ce, ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe, da layin ruwan lemo da ke nufin zafin rana. Ana ba wanda ya yi aiki a wannan fage tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Ita aka fi samu a gidajenmu. Amma shin ko kun san ba ta da suna a jiki? Gwamnatin Birtaniya ta raba taurari da lambobin yaƙin duniya na biyu haka nan fayau, ba lamba ba suna, ko ga Turawanta. Indiya da Ostareliya da Afirka ta Kudu ne suka ɗauki nauyin buga sunayen mutanensu. Ma'anar wannan a gare mu babba ce: ranar da tauraruwar Bama ta rabu da littafin sallamar mai ita, ko da hotonsa, ko da bakin wanda ya san labarinsa, ta zama ta kowa, babu mai iya mayar da ita ga mai ita har abada.

Shin ko kun san ko a kuɗin sallama ba a yi daidai ba? A 2019 jaridar Guardian ta Ingila da tashar Aljazeera suka fito da takardun gwamnatin Birtaniya na ƙarshen yaƙi, waɗanda suka nuna yadda aka tsara biyan sojojin ƙasashen Afirka da take mulka. Farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane watan da ya yi yana aiki. Farabiti baƙar fata sule uku da sisi. Tauraruwa iri ɗaya aka maƙala musu a ƙirji, harsashi ma bai tambayi launin kowa ba. Da suka dawo, wasu sun zama 'yan doka da masinjoji da direbobi da masu gadi, wasu suka koma bakin garma da ciwon da ba a gani.

Ko kun san Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, ya taka har can gabas ya gaida sojojinmu a fagen daga? Ɗansa Hassan ya zama janar, kuma gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966. Malam Sa'adu Zungur ya yi wa masu dawowa waƙar Maraba da Soja. A 2007 kuma Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya wallafa littafin Burma Boy a kan wani yaro mai jin Hausa da ya tsinci kansa cikin Chindit. Mahaifin marubucin shi ma ya yi yaƙin Bama.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa nasu akwatin daban ne. Su Faransa ta ɗiba, cikin rundunar da ta raɗa wa sunan Sanigal tun 1857 ko da mutum bai taɓa ganin Dakar ba. Lambar da aka fi sani a wajensu ita ce Croix de Guerre, wadda aka ƙirƙiro a 1915, ta tagulla mai takubba biyu a gicciye. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, a wannan soja ya fara, ya yi Indocin ya yi Aljeriya. Faransa ta daskarar da fanshon waɗannan 'yan mazan jiya da dokar 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara hamsin, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan 'yancin kai ma ba a daina rataya minda ba. Akwai ta samun mulkin kai ta 1960, da ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta aikin Kwango daga 1960 zuwa 1964, inda Janar Aguiyi-Ironsi ya jagoranci dukkan rundunar majalisar a shekarar ƙarshe. Akwai na yaƙin basasa, da na Laberiya da Saliyo. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya a da 11 ga Nuwamba ce, aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Shin ko kun san lambobin kakanninmu na fitowa a kasuwar gwanjo ta Landan? Kamfanoni irin su Spink da Noonans sana'arsu ke nan. Ana buga hoton minda a kundi, a rubuta sunan da ke gefenta, masu tara kayan tarihi su yi ta taya. Abin da ke ɗaga farashi ba nauyin azurfa ba ne. Suna ne, da ƙarancin allon da ke kanta, da cikar jerin lambobin mutum ɗaya ba a raba su ba, da takardar da ta tabbatar da abin da ya yi. Tauraruwar Bama ita kaɗai ba ta da tsada, don an buga ta da yawa kuma ba ta da suna. Minda mai allon 1903 ko 1906 da sunan soja a gefe ta fi ta nesa ba kusa ba. A can ƙololuwa kuma, an ruwaito cewa a 2009 Lord Ashcroft ya biya kusan fam miliyan ɗaya da rabi a kan lambobin Kyaftin Noel Chavasse, likitan da ya samu Victoria Cross har sau biyu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a nan gida ko wannan darajar ba a ba su. Ɗan gwangwan ya zo da kurarsa, a haɗa masa minda da tsohuwar tukunya a ɗora a sikeli. Ko a kai wa maƙerin fari ya narke ta ya yi zobe, sunan da ya shekara ɗari a jiki ya tafi cikin wuta a minti biyar. Don Allah, wanda ke da ita a gida kada ya goge ta da toka ko yashi ko ruwan batir, gogewa tana cinye rubutun, kuma baƙin da ta yi ba aibu ba ne. Kada a cire tsohon ƙyallen ko ya koɗe. Kada a raba wa magada ɗaya-ɗaya, a bar su wuri guda hannun wanda aka amince da shi. A naɗe su da littafin sallama cikin tsumma mai tsabta, nesa da laima da gara. A ɗauki hotonsu da waya, gaba da baya da gefe. Sannan a zaunar da dattijon da ya rage a gidan, ya faɗi sunan mai ita na gaskiya da na mahaifinsa da garinsu da abin da ya ji daga bakinsa, a rubuta da boko ko da ajami a sa a ciki.

Ko kun san hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta amsa laifinta? A rahoton da ta fitar a Afrilu 2021 ta ce aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa. Waɗanda aka rubuta kuwa, wasu suna jikin dutsen tunawa da ke Zariya, wasu a Lakwaja, na yaƙin Bama da ba a ga gawarsu ba suna cikin sunaye kusan 27,000 da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Rajistar hukumar tana intanet, kyauta ake dubawa, da suna ko da lambar soja. Mai neman kakansa ya gwada rubutun sunan ta hanya fiye da ɗaya, domin magatakardan bariki kan rubuta Garba da Garuba, Audu da Awudu, Muhammadu da Momadu.